Shin da gaske doka ta ba marasa gida 'yancin kafa tanti a titunan Amurka?

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya yana cewa: "Na ga hotunan tantuna jere a bakin titi a Los Angeles da Portland. Wani ya ce mini doka ce ta ba marasa gida damar kafa su, har ma ana shirin ba su ikon maka duk wanda ya tashe su a kotu. Gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, wannan ba ɗaure wa ɓarna gindi ba ne?"

Malam, wanda ya ba ka labarin nan ƙishin-ƙishin ya ji, bai kai ga tushen maganar ba. Har yau babu jihar Amurka ko guda da ta zartar da dokar da ta ce mutum yana da 'yancin kafa tanti duk inda ya ga dama. An sha kai irin wannan ƙudiri gaban majalisun jihohi, ana kayar da shi. Abin da ya wanzu na kusan shekara shida hukuncin kotu ne da ya ɗaure hannun hukumomin biranen yammacin ƙasar, shi ma kuma Kotun Ƙoli ta warware shi ranar 28 ga Yunin 2024. Tun daga ranar iska ta juya, dokokin da ake ta yi yanzu na hani ne da tara da ɗauri. Ni lauya ne, na kuma yi shekaru ina aikin sa kai a wani ofishin ba da taimakon shari'a kyauta a gaɓar yammacin Amurka, inda mafi yawan masu zuwa wurinmu kwanan titi suke yi. Don haka zan faɗa maka yadda dokar take, in kuma faɗa maka inda ni na tsaya.

A kowace shekara, cikin watan Janairu, ma'aikatar gidaje ta tarayya takan sa a ƙirga marasa matsuguni a dare guda. Ƙidayar 2024 ta samu mutum 771,480, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabace ta. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na waɗannan ba a cikin kowane gini suke kwana ba: suna tanti, ko mota, ko ƙarƙashin gada, ko bakin kogi. Jihar Kalifoniya kaɗai tana da wajen 187,000, kuma kusan biyu bisa uku nasu a waje suke kwana. Su ne kake gani a hotuna.

Maganar shari'ar ta taso ne daga birnin Boise na jihar Idaho. Wasu marasa gida da aka yi ta yankar wa tara saboda kwana a waje suka kai ƙara, aka yi ta fafatawa shekara da shekaru, har a watan Satumbar 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da jihohi tara na yamma ta yanke hukunci a shari'ar da aka fi sani da sunan Martin. Ta ce muddin yawan marasa gida ya zarce yawan gadajen da ke akwai a gidajen fakewa, birni ba zai hukunta mutum don ya kwanta a fili ba, domin yin hakan ya saɓa wa gyara na takwas na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana azabtarwa da hukunci na rashin imani. Kotun ta fito fili ta ce ba ta tilasta wa birni gina wa kowa gida ba, ba ta kuma ce a bar kowa ya kwanta ko'ina a kowane lokaci ba. Amma a aikace, lauyoyin birane da yawa sun ji tsoron ƙara, suka shawarci 'yan sanda su janye hannu. A nan ne jama'a suka ɗauka an yi dokar 'yancin kafa tanti.

Domin ka fahimci hujjar kotun sai ka koma 1962. A wancan lokaci Kalifoniya tana da dokar da ta mayar da zama ɗan ƙwaya laifi, ko da ba a kama mutum yana sha ko yana sayarwa ba. Kotun Ƙoli ta soke ta a shari'ar Robinson, ta ce ana hukunta mutum ne a kan abin da ya aikata, ba a kan halin da ya tsinci kansa a ciki ba. Bayan shekara shida, a shari'ar Powell ta 1968, wani mashayin giya a Teksas ya ce shi ma ciwo ne ke sa shi buguwa a bainar jama'a, amma kotun ta ƙi karɓa, ta ce fitowa fili a buge aiki ne. Duk gardamar da ake yi a kan kwanan titi tana tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu. Shimfiɗa bargo a gefen titi aiki ne da mutum ya zaɓa, ko kuwa halin rashin gida ne kawai aka sake wa suna?

Garin da ya kai maganar ƙarshe ƙarami ne, Grants Pass a kudancin jihar Oregon, mai mutum kimanin 38,000, marasa gida kuma wajen 600. Ina so ka dubi dokarsa ta lokacin shari'ar da kyau, domin a cikin kalmominta matsalar take. Dokar ta ce sansani shi ne duk wurin da aka ajiye shimfiɗa, ko buhun barci, ko wani abin kwanciya, ko murhu, da nufin mayar da wurin mazauni na ɗan lokaci. Ke nan bargo ɗaya ko kwalin da mutum ya tada kai da shi ya isa. Tarar farko dala 295 ce, in ba a biya ba ta haura 537. In aka kama mutum sau biyu, a ba shi takardar hana shiga lambunan shaƙatawar garin na kwana 30. In ya koma, maganar ta tashi daga tara ta zama laifin kutse, mai ɗaurin da ya kai kwana 30 da tarar dala 1,250. A lokacin, garin ba shi da gidan fakewa na hukuma da kowa zai iya shiga. Babban wurin da ke akwai na wata ƙungiyar mishan ce, mai gado 138, kuma sai ka yarda ka riƙa halartar ibadarsu, ka bar shan taba, ka yi aikin da aka sa ka. A wani taron majalisar garin a 2013, shugabar majalisar ta faɗi manufar ba tare da ɓoye-ɓoye ba: a takura musu har su gwammace su ƙara gaba. Wannan magana tana cikin takardun shari'ar.

Alƙalai shida suka goyi bayan garin, uku suka ƙi. Mai Shari'a Neil Gorsuch, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce dokar aiki ta hana, kuma ta hau kan kowa daidai: matafiyin da ke yawon buɗe ido da jakarsa a baya, ko ɗalibin da ya bar ɗakinsa ya kafa tanti don zanga-zanga, duk dokar za ta kama su. Ya ce gyara na takwas yana magana ne a kan irin hukuncin da ake yankewa, tara da ɗan gajeren ɗauri kuwa ba baƙin abu ba ne. Ya ƙara da cewa matsalar rashin gida ta fi ƙarfin alƙalan tarayya, aikin masu zaɓe ne da wakilansu. Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta ra'ayin waɗanda suka ƙi, ta ce barci larura ce ta jiki, ba laifi ba ne, kuma dokar ta bar wa wanda ba shi da gida zaɓi biyu rak: ya zauna ido biyu, ko a kama shi. Abin lura, ba 'yan mazan jiya kaɗai suka nemi a saurari wannan ƙara ba. Gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom, ɗan jam'iyyar Dimokurat, da birnin San Francisco duk sun roƙi Kotun Ƙoli ta shiga maganar, kuma kafin a cika wata guda da hukuncin Newsom ya ba hukumomin jiharsa umarnin fara kwashe sansanonin.

Ni a wajena Sotomayor ce ta gano bakin zaren. Misalin matafiyi da ɗalibi bai gamsar da ni ba, domin dukansu biyu suna da inda za su koma in ɗan sanda ya ce su tashi. Wanda ba shi da ɗaki fa, ina zai nufa? Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne. Ba ya neman izinin kowa, kuma lokacin sanyi a Oregon ba lokacin da mutum zai kwanta babu mayafi ba ne. Dokar da babu yadda mutum zai yi ya kiyaye ta sai dai ya bar garin, ainihinta dokar kora ce, garin da ke gaba kuma shi ma irinta yake da ita. Amma ka lura da iyakar hukuncin. Kotun ba ta umarci kowa ya yi hani ba. Cewa ta yi gyara na takwas ba ya hana. Ta bar ƙofa ga jihohi su yi nasu dokokin kariya, ta kuma ambaci cewa wanda aka gurfanar zai iya kare kansa da hujjar larura. Shi ya sa fagen fama ya koma majalisun jihohi.

To, a nan ne ƙudirorin da ka ji labari suka shigo. Jihar Rhode Island ce ta fara yin dokar haƙƙoƙin marasa gida a 2012, Illinois da Connecticut suka biyo baya a 2013. Waɗannan dokoki sun ce kada a nuna wa mutum bambanci don ba shi da adireshi: zai iya zirga-zirga a wuraren jama'a kamar kowa, zai iya zaɓe, a duba shi a asibiti in ta gaggawa ce, kada kuma a yi wa kayansa bincike yadda aka ga dama. Ba su ba da izinin kafa tanti ba. Waɗanda suka nemi wuce nan su ne ƙudirorin da ake kira na 'yancin hutawa. An kai irinsu majalisar Kalifoniya a 2015 da 2016, suka mutu a kwamiti. An kai majalisar Colorado sau da dama, haka. A birnin Denver masu fafutuka suka tsallake 'yan majalisa suka kai wa jama'a kai tsaye a ƙuri'ar watan Mayun 2019, sama da kashi 80 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a'a, a birnin da aka san shi da sassaucin ra'ayi.

Maganar maka mutum a kotu kuwa, ina kyautata zaton ƙudirin Oregon na 2023 ake nufi, mai lamba 3501, wanda 'yar majalisa Farrah Chaichi ta gabatar. Ya tanadi cewa mara gida zai iya hutawa da kwana a filin jama'a, a mutunta kayansa kamar yadda ake mutunta na cikin gida, in kuma aka tsangwame shi ya shigar da ƙara ya nemi diyyar dala 1,000. Labarin ya bazu a kafafen watsa labarai har wajen Amurka, wasiƙun adawa suka yi ta kwarara majalisa, amma ƙudirin ya riga ya wuce wa'adin da aka ɗebar masa, ko ƙuri'a ba a kaɗa a kansa ba.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, ko wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Ba zan raina kukan maƙwabta ba, domin na gan shi da idona. Na san mai wani ƙaramin shagon gyaran takalma da kullum sai ya fara da wanke bahaya da tsince allurai daga ƙofar shagonsa kafin ya buɗe, shi ma kuwa haya yake biya da ƙyar. A Portland, a 2022, masu buƙata ta musamman ne suka kai birnin ƙara, saboda tantuna sun toshe hanyar ƙafa har mai keken guragu da makaho sai sun gangara cikin titi tsakanin motoci, kuma a 2023 birnin ya amince da sulhu. A San Diego, a 2017, ciwon hanta nau'in A ya ɓarke, galibi a tsakanin masu kwanan waje da ba su da banɗaki ko wurin wanke hannu, ya kama kusan mutum 600, ya kashe 20. Babban sansani yana jawo dillalan ƙwaya, gobara takan tashi daga murhun da ake ɗumama tanti da shi, kuma waɗanda suka fi cutuwa su ne mazauna cikinsa, musamman mata. Saboda haka ni ban goyi bayan ƙudirin da zai ce kowa ya kafa tanti ko'ina har abada ba. Ina ma jin tsoron irin wannan doka za ta ba hukuma hanyar zillewa: ta ce ai mun ba su 'yanci, ta wanke hannunta, mutum ya tsufa ya mutu a cikin leda.

Sai dai dubi abin da ake kawowa a madadinsa. Teksas ta yi dokar hana kafa sansani a duk faɗin jihar a 2021, tararta ta kai dala 500. Tennessee ta yi wadda ta fi kowace tsanani a 2022: kwana a filin hukuma ya zama babban laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara shida, wanda aka samu da babban laifi a jihar kuwa yakan rasa 'yancin zaɓe. Ta Fulorida ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2024, ta hana ƙananan hukumomi barin kowa ya riƙa kwana a filin jama'a, kuma daga Janairun 2025 mazauni ko ɗan kasuwa zai iya kai ƙaramar hukumarsa ƙara in ba ta kwashe su ba. Ka ga a Fulorida ikon kai ƙarar da ya tabbata a doka na maƙwabci ne, ba na mara gida ba. Cikin 'yan watanni bayan hukuncin Kotun Ƙoli, birane fiye da 100 suka yi sabon hani ko suka tsaurara wanda suke da shi.

Bari in ba ka labarin abin da irin wannan kwasa take yi wa mutum guda. Wani dattijo ya zo ofishinmu wata safiya, shekarunsa sun haura sittin, kafinta ne da ciwon baya ya raba shi da aiki, kuɗin haya ya fi ƙarfinsa. Ya tafi asibiti ganin likita, ya dawo ya tarar an share layin da yake kwana tas, an zuba komai a motar shara. A cikin tantin akwai katin shaidarsa, da takardar haihuwa, da maganin ciwon suga na wata guda, da tabarau, da waya, da hoton matarsa da ta rasu. Abin da ya rage masa rigar jikinsa da takardar asibiti a aljihu. Sunansa yana cikin jerin masu jiran gidan hukuma, kuma ta wannan wayar za a kira shi. Don a sake masa katin shaida ana neman takardar haihuwa, don a aiko da takardar haihuwa daga jihar da aka haife shi ana neman katin shaida da adireshin da za a aika. Mun shafe watanni muna wannan zagaye. Kafin mu gama, an kira lambarsa ba a same shi ba, aka ba na bayansa. Ya zauna a kujerar gabana yana jujjuya takardar asibitin nan a hannu, bai yi maganar gidan ba, hoton kawai yake ta tambaya ko akwai inda ake ajiye irin waɗannan kaya. Babu. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Tarar ma haka take aiki. Wanda ba shi da abin sayen abinci ba zai biya dala 295 ba. Takardar sammaci kuma ba ta da gidan da za ta same shi, sai ya rasa ranar zaman kotu, alƙali ya ba da umarnin kamo shi. Ya kwana biyu a kurkuku, ya fito da tarihin laifi a kansa. Mai gidan haya a Amurka kuwa kusan kullum sai ya binciki tarihin mai nema, haka ma mai ɗaukar aiki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: dokar da aka yi don ta raba shi da titi ita ce ta ƙara toshe masa hanyar barinsa, kuɗin 'yan sanda da kotu da kurkuku da motar asibiti kuma duk daga aljihun mai biyan haraji suke fita.

Mutane da yawa suna cewa ai ƙwaya ce da taɓin hankali. Suna nan, ba na musu, kuma zaman titi kansa yana ƙara su. Amma ba su ne ke bayyana yawan tantunan ba. Jihar West Virginia ta daɗe tana kan gaba wajen mace-macen ƙwaya a Amurka, ga talauci, amma marasa gidanta ba su kusa da na Kalifoniya ba in aka auna da yawan jama'a, domin haya tana da sauƙi a can. Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco ta fitar da wani babban bincike a 2023, bayan ta tattauna da marasa gida kusan 3,200 a jihar. Tara cikin goma a cikin jihar suka rasa gidajensu, uku bisa huɗu kuma suna zaune a gundumar da suka yi zaman gidansu na ƙarshe, ke nan ba baƙi ba ne da suka kwararo don neman daɗin yanayi. Matsakaicin abin da ke shiga gidansu a wata kafin su faɗa titi dala 960 ne, a jihar da hayar ɗaki ɗaya da falo a manyan biranenta ta ninka haka. Kusan rabin manyan da ba su tare da yara sun kai shekara 50 ko sun wuce.

Inda aka ga sauyi na gaske, ta ƙofar gida aka bi. Birnin New York yana da marasa gida masu ɗimbin yawa, amma ba ka ganin tantuna kamar na Los Angeles, saboda wata yarjejeniyar kotu ta 1981 ta wajabta wa birnin ba da gado ga duk namijin da ya nema, daga baya aka faɗaɗa ta ga mata da iyalai. Tsari ne mai tsadar gaske, gidajen kuma ba duka ne masu kyau ba, amma mafi yawan mutanen a ƙarƙashin rufi suke kwana. Houston, a cikin Teksas ɗin nan mai dokar hani, ta rage marasa gidanta da fiye da rabi tun daga 2011, ta hanyar haɗa hukumomi da ƙungiyoyi a tsari ɗaya a riƙa sa mutum a ɗakin haya kai tsaye, sannan a bi shi da magani da neman aiki. In za su rufe sansani, sai sun fara samar wa mazaunansa ɗakuna. Ƙasar Finlan ta ɗauki wannan hanya a matsayin manufar ƙasa tun 2008, marasa gidanta sun sauko daga sama da 18,000 a 1987 zuwa ƙasa da 4,000 a 2022.

Kada ka ɗauka maganar ta yi nisa da mu. Ɗaya daga cikin kakannin waɗannan dokoki ita ce dokar masu gararamba ta Ingila ta 1824, wadda aka yi bayan yaƙe-yaƙen Napoleon lokacin da tsofaffin sojoji da talakawa suka cika tituna. Turawan mulkin mallaka sun yaɗa irinta a ƙasashen da suka mulka, shi ya sa kundin laifuffuka na Arewacin Najeriya yake da sassa a kan masu zaman banza da 'yan gararamba. A 1989 gwamnatin tarayya ta soke laifin yawon da ba dalili, a ranar 4 ga Disambar 2020 kuma Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha ta ba da fatawar shari'a cewa dokokin da ke hukunta mutum don talaucinsa ko rashin matsuguninsa sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar. Duk da haka, duk lokacin da aka tashi kwashe mabarata da almajirai da masu kwana ƙarƙashin gada a biranenmu, tambayar Grants Pass ce take dawowa: an ce su tashi, an faɗa musu inda za su?

Dokar da na fi ganin adalcinta cikin duk waɗanda na karanta ita ce wadda Oregon ta zartar a 2021, mai lamba 3115, wadda Tina Kotek ta jagoranta tana kakakin majalisa, kafin ta zama gwamna. Ta fara aiki a Yulin 2023. Ba ta ba kowa 'yancin tanti ba. Ta ce birni zai iya ƙayyade lokaci da wuri da yadda za a kwanta a filin jama'a, amma ƙa'idar ta zama mai ma'ana a idon duk mai hankali in aka dubi halin wanda ba shi da gida, in ba haka ba a je kotu a dakatar da ita. Birni zai iya cewa ban da ƙofar makaranta, ban da toshe hanyar ƙafa, ban da kunna wuta, a naɗe tanti da safe. Abin da zai yi wuya ya tsallake kotu shi ne hana ko'ina a kowane lokaci. Wata dokar da aka yi a shekarar ta ƙara da cewa a ba da sanarwar awa 72 kafin a kwashe sansani, a kuma adana kayan mutane na kwana 30 don su zo su karɓa. Da an bi irin wannan ƙa'ida a kan dattijon nan kafinta, da katinsa da wayarsa suna nan. Raunin dokar shi ne kalmar "mai ma'ana" ba ta da ma'auni tsayayye, birane suna kukan ba su san iyakarsu ba sai an kai su ƙara, wasu 'yan majalisa kuma suna ta neman a soke ta.

Grants Pass ɗin da ya yi nasara a Kotun Ƙoli ma wannan dokar jiha ce ta sake tsayar da shi. Bayan hukuncin, garin ya ware filaye ya ce nan kaɗai za a kwana, a farkon 2025 sabuwar majalisarsa ta rufe mafi girmansu ta taƙaita lokacin zama a ɗayan. Ƙungiyar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta Oregon ta kai ƙara kotun jiha a madadin wasu marasa gida masu lalurar jiki, alƙali ya taka wa garin birki wajen aiwatar da hanin, daga bisani aka yi sulhu a kan cewa garin zai tanadi wuraren kwana da za su ɗauki aƙalla mutum 150.